Milimita Uku a Keken Pappy

"…ni dai lafiya na kwana, tun da kin tambaya. Ba ki tambaya ba, amma lafiya na kwana."

"Sau biyu na gaishe ka, Pappy. Kunnenka ne ya bi ka ritaya."

"Sifana kika gaisar. Ɗago ki dubi mutum."

Kezia ba ta ɗago ba. Tana durƙushe gaban keken da ta rataye a ƙarfen gyara, a ɗakin ƙasa na gidan kakanninta da ke Flatbush, tsakanin tukunyar ɗumama gida da shuɗiyar gangar da Granny Verna ke cika wa 'yan uwa na Trinidad da shinkafa da sabulu. Hantsin Asabar na leƙowa ta 'yar tagar da ke daidai da bakin titi, ba ya nuna komai sai ƙafafun masu wucewa. Selwyn ya sauko matakala a hankali, yana taka ƙafafunsa daidai wa daida kamar yadda ya hori kansa tun da daɗewa. Ya zauna a kan gangar, ya dubi kekensa.

Nasa ne, ko da yake tun Ista ya ce ya bar wa jikar tasa. Firam ne na ƙarfe, ruwan goro, fentin ya koɗe a inda gwiwa ke gogarsa. Shekara ashirin da biyu ya yi a kansa yana kai takardu daga wannan dogon bene zuwa wancan a Manhattan, ba birki, ba firi. In taya na juyawa ƙafa na juyawa; in kana son tsayawa, sai ka yi gardama da feda har ta ji maganarka. A irin wannan keke sarƙa ce komai. In ta sauka kana cikin gudu, abin da ka tarar a gabanka shi zai tsayar da kai. Gobe Lahadi kuwa yarinyar za ta hau shi a filin tsere na Queens, karonta na farko, cikin mata goma sha biyu, kafaɗa da kafaɗa.

Kezia ta tura feda da tafin hannu, yatsunta a miƙe nesa da haƙora, yadda ya koya mata tun tana 'yar shekara tara. Tayar baya ta ɗauki gudu. Sai ga kukan, siriri, ƙar, ƙar, ƙar, kamar ɓera na gwaguyar katako a bayan bango. Selwyn ya ji shi a gwiwarsa ta hagu kafin ya ji shi a kunne.

"Ka ji?"

"Ni da kunnena ya yi ritaya?"

"Ko kurma ya ji wannan. Sarƙar ba ta tafiya a miƙe."

"To miƙar da ita mana, Injiniya. Ba ke ce mai ɗan kada ba?"

Ɗan kada shi ne ma'auninta, wani ƙarfe mai baki da ke cizon abu ya rubuta kaurinsa a ɗan gilashi. Ta ɗaga shi ta nuna masa.

"Daga tsakiyar firam zuwa haƙoran babban faranti na gaba, milimita arba'in da biyu. A baya, wajen ƙaramin faranti, arba'in da biyu. Sau biyar na auna. Kamata ya yi su kalli juna ido cikin ido."

"Sau biyar. Shekara uku uwarki na tura ki jami'a, ashe har biyar aka kai ku."

"Kai har nawa aka kai ka?"

"Ni titin Broadway ne ya yaye ni."

"Shi ya sa har yau a tsaye kake cin abinci."

"A zamaninmu ido ɗaya muke rufewa mu duba, shi ke nan. Na taɓa ɗaura sarƙa a cikin lif, tsakanin hawa na tara da na talatin, da wuƙar cin abinci."

"Bara ka ce cokali ne."

"Lif biyu ne."

Ta yi tsaki irin na Granny ɗinta, dogo, mai jela. Selwyn ya gyara zama.

"Sarƙar ce sabuwa. Ba ta san gidan ba tukuna. Ba ta mako guda."

"Gobe ne tseren."

"To mai ne bai ishe ta ba."

"Ta sha mai fiye da gashinka ranar zuwa coci."

"Gashina bai taɓa kuka ba."

"Sili nawa ya rage da zai yi kukan? Saurara, Pappy. Milimita ɗaya, sarƙa ba ta ko kulawa. Biyu, za ta yi gunaguni amma ta zauna. Wannan muryar ta uku ce, ko kusa da uku. Uku kuwa, in na tashi tsaye na danna da ƙarfi, tana iya hawa kan haƙori ta sauka."

"Ke ɗin? Da waɗannan ƙafafun na zalɓe? Keken ma ba zai san an hau shi ba."

"Naka na gada. Granny ta ce ranar bikinku sai da aka cusa jarida a wandonka don kada iska ta tafi da ango."

"Granny ɗinki hassada take min tun ranar. Na fi ta kyau a hoton."

Ya tashi duk da haka, ya zagaya bayan keken, ya sunkuya, ya rufe ido ɗaya. Idon da ya rage ya tsufa, amma wannan abu ko cikin duhu zai gan shi. Sarƙar ta baro ƙaramin faranti, ta ɗan karkata hagu a kan hanyarta ta zuwa gaba, karkata kaɗan, irin ta mutumin da ke wuce ƙofar da ba ya son a kira shi ciki. Ɗan kada bai yi ƙarya ba. Shi dai ya ɗauka tsakiyar gaba da tsakiyar baya layi ɗaya suke, kamar yadda suke a kowane keke na kirki. A wannan keken sun rabu shekara talatin da shida da suka wuce, kuma Selwyn yana ganin duk duniya shi kaɗai ya san ranar.

Ya sa hannu a aljihu. A cikin makullansa akwai wani kwabon tagulla, irin wanda ake jefawa a ƙofar jirgin ƙarƙashin ƙasa a da, an huda tsakiyarsa rami mai faɗi, gefensa ya cinye. Shekara goma sha huɗu kwabon ya yi a gindin tayar baya, maƙale bayan noti, yana tura ƙaramin faranti hagu don sarƙa ta yi shiru. Ranar da ya aje aiki ya cire shi, ya mayar da washa ta gari, ɗan zoben ƙarfen da aka saba sawa, don kada wani mai ido ya tambaya. Minti biyar za su ishe shi mayar da shi, in aka bar shi shi kaɗai.

"Yunwa ce ke sa ki jin ƙara," ya ce. "Je ki Church Avenue ki sayo mana doubles, wainar nan mai wake a tsakiya. Huɗu. Ki ce wa matar ta cika wake, yaji kaɗan."

"Granny na soya burodin bake da kifi a sama. Ba ka ji ƙamshi ba? Hancin ma ya tafi?"

"To sayo zoɓo."

"Akwai jarka guda a firji."

"Nata ya cika kanumfari. Shekara arba'in da shida ina sha don zaman lafiya."

"In gaya mata?"

"Sayo min jarida."

"Ta jiya tana kan kujerarka ba ka buɗe ba. Me ya sa kake son kora ta, tsoho?"

"Kin cika ɗaki. Ke da ɗan kadanki kun shanye iskar."

Ta dube shi ɗan lokaci. Sannan ta goge hannu da tsumma, ta ajiye sifana a kan benci, kusa da hannunsa ƙwarai.

"Huɗu ka ce? Yaji kaɗan."

Ya ji takunta a matakala, ya ji ƙofar sama ta buɗe ta rufe. Ya ɗauki sifana. Hannun da a da ke kwance noti yana hira da mai gadi, yau sai da ya nemi bakin notin sau biyu. Ya danna. Notin bai motsa ba. Ya danna da hannu biyu, har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Hagu ake juyawa, Pappy."

Tana zaune a mataki na biyar daga sama, haɓarta a kan gwiwa.

"Na san inda ake juyawa tun uwarki na cikin zanen goyo. Dubawa nake ko kin ɗaure."

"Na ɗaure?"

"Kamar mai fushi da shi. Wa ya koya miki wannan mugunta?"

"Kai. Ka ce notin baya a ɗaure shi kamar bakin surukinka Clyde." Ta sauko mataki biyu. "Me za ka yi wa tayata?"

"Tayata ce."

"Firam ne naka. Taya tawa ce, ni na ɗaura kowane sili nata da hannuna. Kuma firam ɗin ma ka ba ni, gaban Granny da naman Ista."

"Na sha giya ranar."

"Zoɓo ka sha. Mai kanumfari."

Ta ƙaraso, ta karɓi sifanar daga hannunsa ba tare da ta ja ba. Ta jingina da benci, ta naɗe hannuwa, ta ɗaga kai tana duban silin kamar ɗaliba mai tuna karatu.

"Bari in yi tunani da ƙarfi, ko tsoho zai taimaka. Gaba daidai. Baya daidai. Farantai sababbi, sarƙa sabuwa. Abu ɗaya ya rage: a ce ƙafafun bayan firam ɗin sun goce gefe. Amma wannan ba zai yiwu ba. Ƙarfe ba ya gocewa don kansa, sai an buge shi. Wannan keke kuwa, kowa a Brooklyn ya sani, bai taɓa kwanciya a kwalta ba."

"Bai taɓa ba."

"Shekara ashirin da biyu. Ƙanƙara, ruwa, tasi, 'yan sanda. Ka faɗa a bikin Mama. Ka faɗa wa fasto. Ka faɗa wa likitan haƙorina, ina kwance bakina a buɗe. Selwyn, mutumin da ya tsere wa motar kashe gobara."

"Motoci biyu."

"Mutumin da ya kai takarda kafin mai ita ya gama rubutawa."

"Ya gama. Tawadar ce ba ta bushe ba."

"Mutumin da ko a jan wuta ba ya sauke ƙafa, sai ya tsaya cak a kan feda kamar tsuntsu a waya har a ba da hannu. To ka ga, firam lafiya yake. Kunnena ne ke ƙarya, irin na gado. Zan hau shi haka."

Ta kwance keken daga ƙarfen gyara. Ba nauyi gare shi. Ta saɓa shi a kafaɗa kamar gyale.

"Ina za ki?"

"Gadar Manhattan. In hau, in gangaro da gudu, in danna baya da ƙarfi a ƙasan gangaren. In sarƙa ta zauna a can, za ta zauna gobe."

"Sa birki a gaba tukuna."

"Kai ka ce birki na baƙi ne da masu ƙiba."

"Ke baƙuwa ce. Jiya-jiya aka haife ki."

"A filin tsere ba a yarda da birki ba, ka sani. Gara in san gaskiyarta yau ni kaɗai, da in sani gobe da mata goma sha ɗaya a bayana." Ta taka mataki na farko. Muryarta ba ta tashi ba, amma wasan ya fita daga cikinta. "Ka kwantar da hankalinka. In na faɗi, ni na faɗi. Labarinka ba zai ko ƙuje ba."

A sama Verna na tafiya tsakanin murhu da tebur, katakon silin na amsa takunta ɗaya bayan ɗaya. Selwyn ya san wannan takun fiye da bugun zuciyarsa. Ya dubi bayan yarinyar, ya dubi siraran ƙafafun da suke nasa ne sak, ya ga kwalta a ƙasan gada, inda manyan motoci ke shan kwana ba sa duban kowa. Mataki na biyu. Na uku.

"Ajiye keken."

"Ka ce me? Kunnena na gado ne."

"Ajiye shi, Kezia. Kuma rage murya."

Ta dawo ta rataye shi. Ta jawo bokiti ta kife, ta zauna a gabansa kamar yarinyar da za a yi wa tatsuniya.

"Bas ce," ya ce ƙasa-ƙasa. "Doguwa. Ta taho da gudu…"

"Bas ta buge ka, firam ya goce milimita uku kawai? Bas ɗin kwali ce?"

"Tasi ce."

"Pappy."

"Motar kai burodi ce."

"Tana gudu nawa?"

Ya shafa gwiwa. Ya dubi tagar, inda wasu takalma farare suka wuce.

"Tana tsaye."

"Kai kana gudu nawa?"

"Yarinya, kina son labarin ko kina son jinina?"

"Duka biyun."

"Ina tsaye ni ma. Jan wuta ne, ranar Juma'a, ana saura kwana uku bikin kanibal, na kiɗa da rawa a titi. Na tsaya a kan feda yadda na saba. Sai ga ma'aikatan jinya su huɗu za su tsallaka, sun taso daga aiki. Ɗaya ta taɓa 'yar uwarta ta nuna ni. To, mutum ba dutse ba ne. Na saki hannu ɗaya."

"Ka saki hannu ɗaya."

"Suka tafa. Na saki na biyun."

Kezia ta toshe baki da tsumman mai.

"Na ɗaga musu hula. Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai na ga sama a inda titi yake. Wuta ta ba da hannu, mai burodi bai gan ni a ƙasa ba, ya matso taku ɗaya, ya danne gindin keken da bakin kwalbati. Gwiwata na ƙarƙashi."

"A tsaye ka faɗi."

"Na ce ki rage murya."

"Sarkin Broadway. Gudun sifili. Su ma'aikatan jinyar fa?"

"Su suka ɗaure min gwiwar. Ɗayar dariya ta hana ta yin ƙulli."

Dariyar ta ƙwace wa Kezia ta hanci. Ta sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinta, kafaɗunta na rawa, bokitin na ƙara a kan siminti. Selwyn ya jira, fuskarsa a murtuke kamar ta mai jiran bas a ruwan sama.

"Don wannan ka yi shekara talatin da shida kana wa mutane ƙarya? Don hula?"

"Don Clyde. Ranar da na kama aikin nan uwarki na hannun Granny ɗinki, ko zama ba ta fara ba. Verna ta ce, ka ji sharaɗina: ranar da ka faɗi, ranar ka sauka, ka tafi shagon wankin yayana ka riƙe dutsen guga. Ni, in yi wa Clyde guga. In ce masa ina kwana kowace safiya, yana tauna tsinke. Gara motar burodi ta dawo ta ƙarasa."

"Gwiwar fa? Ba ta gani ba?"

"Kwana uku na yi ina tafiya a miƙe, ina cizon harshe. Ranar Litinin na shiga taron kanibal a Eastern Parkway, na bi bayan masu gangar ƙarfe, na fito ina ɗingishi a fili. Na ce wata mata mai fukafukan ado cikin masu rawa ce ta taka ni."

"Matar nan mai fukafukai da kake zagi duk Kirsimeti?"

"Allah ya yafe min ita. Ba ta taɓa wanzuwa ba." Ya miƙa hannu. "Nemo min zare in nuna miki abin da ɗan kadanki bai sani ba."

Ba ta nema ba. Ta sa hannu a aljihun wandonta ta zaro ɗan ƙullin jan zare. Ya karɓa, ya ɗaura bakinsa a ƙafar baya ta dama, ya zagayo da shi ta wuyan keken, ya dawo da shi ƙafar hagu ya ja ya ɗaure. Zaren ya kai cif, bai ragu ba, bai gaza ba. Layi biyu ja suka wuce ta gefen bututun sirdi, kuma ko yaro zai ga na dama ya fi ba da fili.

"Kin gani? Kowa na auna gaba, ya auna baya. Ba mai tambaya ko gaban da bayan suna magana da juna."

Ya fito da makullan. Sai da ya yi fama da zoben, farcensa na zamewa, kafin kwabon ya fita. Ya ɗora shi a tafin hannunsa. Hasken taga ya shiga ramin ya faɗo a fatarsa, ɗan da'ira kamar ƙwayar wake.

"Wannan ba shi ne wanda ka ce harsashi ya huda a Harlem ba?"

"Wani makaniki ne a Delancey, da injin huda. Cire washa ta hagu, ki sa wannan a dama, bayan noti. Kaurinsa biyu saura kaɗan. Zai ja ƙaramin farantin ya dawo gida."

"Ina da kwalba cike da washa, Pappy. Masu lamba a jiki."

"Waɗancan ba su taɓa aiki ba. Wannan ya san hanya."

Ta ciji kwabon da ɗan kada, ta duba gilashin, ta gyaɗa kai, wanda a wurinta yabo ne. Ta cire taya, ta kwance, ta sa, ta ɗaure. Ta bi silin tayar da ɗan makulli tana ja nan tana saki can har da'irar ta dawo tsakiya. Shi kuwa yana kan ganga yana gaya mata duk abin da take yi daidai lokacin da ta gama yin sa. Da ta ja sarƙa ta ɗaure notin, sai ta tura feda da tafin hannu.

Ɓeran ya tafi. Abin da ya rage wani sauti ne mai laushi, kamar yayyafi a kan ganye, sautin da ya raka shi safiya dubbai a kan gada lokacin da gari bai gama farkawa ba. Selwyn ya rufe ido biyu wannan karon. Tayar ta daɗe tana juyawa kafin ta gaji.

"Saura ɗaya," in ji Kezia, tana leƙe ta baya da ido ɗaya a rufe. "Ko ɗaya da ɗan kai."

"Ɗaya ana zama da shi. Yau ki zaga unguwa kawai, gadar ba inda za ta." Ya share murya. "Kwabon naki ne. Amma abin da aka faɗa a ɗakin nan, a ɗakin nan zai tsufa. In Granny ɗinki ta ji, ba ni ba cin abinci mai zafi har in mutu."

"Me za ka ba ni?"

"Na ba ki keke, na ba ki kwabo, na ba ki ƙafafu."

"Ƙafafun ka karɓi abinka. Hular nake so. Wadda ka ɗaga musu."

"Ɓarauniya. Tana cikin akwatin Kirsimeti, ƙarƙashin fitilu." Ya sunkuya yana kwance zaren daga ƙafar keken, yana naɗe shi a yatsa. Sai ya tsaya. Ja ne mai kauri, irin wanda ake ɗinke bakin buhu kafin a sa a ganga. An yanke shi daidai tsawon keken, kuma a wuri biyu ya riga ya lanƙwashe, akwai tabon mai. "Wannan zaren ya taɓa hawa keken nan."

"Ranar Talata."

"Tun Talata kika sani, kika bar ni ina aiken doubles?"

"Na san ya goce. Ban san hula ba. Hular ta biya kwana huɗun."

"Wa ya koya miki awon zare? Ba a jami'a ba dai."

Kezia ta nuna silin da sifana. A sama takun ya tsaya, an ja kujera, an ajiye faranti a tebur.

"Na ce mata sarƙa na kuka, na rasa dalili. Ta buɗe kwandon ɗinki ta yanko min, ta ce haka ta ga kana yi a ɗakin nan wata Asabar da asuba, kana zagin ƙarfe ƙasa-ƙasa. Ta kuma ba ni saƙo, ta ce kada in faɗa sai ka faɗi naka da bakinka."

"Wane saƙo?"

"Ta ce, wanda aka taka wa ƙafa ranar Litinin ba ya fara nishi cikin barci tun daren Juma'a."

Kezia ba ta gama ba.

"Ta ce kuma ita ma ba za ta iya zama da mijin da ke warin sitaci da hirar Clyde ba. Shi ya sa ta bar maka matarka mai fukafukai."

Dariyar ta faro masa daga ciki, can ƙasa inda ya daɗe yana ajiyar abin. Ta fito da tari, ta fito da hawaye, har sai da ya dafa gangar, sabulun ciki na kaɗawa. Ya nuna jikarsa da yatsa, ya nuna silin.

"Shekara talatin da shida," ya ce da ya samu numfashi. "Ina taka matakalar nan kamar soja, gwiwa na ci na, don wata mata da ke zaune a sama tana ƙirga min nishi. Ku biyun nan, Allah ya haɗa ku da mai burodi. Na sallama. Ɗauki hular."

Ƙofar sama ta buɗe, ƙamshin kifi da albasa ya gangaro.

"In kun gama auna ƙarya, abinci na hucewa," in ji Verna.

Kezia ta wuce gaba, tana tsallake mataki bibbiyu. Selwyn ya sa jan zaren a zoben makullansa, a gurbin kwabon. Ya kama ƙarfen matakala, ya ɗaga ƙafar dama, ya jawo ta hagu a bayanta yadda ta daɗe tana roƙon a jawo ta. Haka ya hau, yana ɗingishi a fili, mataki ɗaya bayan ɗaya, har ya kai inda matarsa ke riƙe da ƙofa.